Tirelar da Na Baro a Gondar

Tun da na dawo daga Habasha ban samu na yi walda ta awa guda cur ba tare da wani ya leƙo warsha ba. Wannan ya ce yaya mutanen can, wancan ya ce da gaske ne suna cin ɗanyen nama, wani kuma ya rage murya ya yi tambayar da ba zan rubuta ba. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta labarin sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi aikina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sale, warshata, wato shagon waldata, tana bayan kasuwar Gadarif, kuma tirela nake ƙerawa, irin wadda tarakta ke ja da buhunan dawa daga manyan gonaki. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da take yi wa tirela. Da damina ta zama danƙo, da rani ta bushe kamar dutse da sawun tayoyi a jikinta. Abin da ke fara karyewa kullum shi ne yayi, wato faffaɗan ƙarafan nan da ake jerawa a ƙarƙashi don su shanye girgiza, waɗanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira sifirin. Shekara biyu na yi ina fama da wannan. A ƙarshe na haɗa yayin gaba da na baya da wani ƙarfe mai lilo a tsakiya, kamar hannun ma'auni: idan tayar gaba ta hau tudu sai ta baya ta sauka, nauyin ya rabu a tsakaninsu maimakon ya faɗa kan guda. A mahaɗar kuma na cusa robar da na yanko daga tsohuwar tayar tarakta. Guda ɗaya tak na ƙera, da ƙarfen da na daɗe ina tarawa. Wani mai gona a Gadambaliya ya yi alkawarin zai zo ya gani kafin girbi, in ta yi masa, duk tirelolin gonarsa ni zan yi.

Ana cikin haka Baba Ilyasu ya shigo da tasa maganar. Baba mai gyaran agogo ne, teburinsa na ƙarƙashin barandar kasuwa tun kafin a haife ni. Aminin mahaifina ne, shi ya yi masa wanka ranar da ya rasu, don haka ba na iya ce masa a'a. Tun da agogon roba mai batir ya cika gari aikinsa ya ja baya, yakan wuni a zaune ba wanda ya tsaya.

A shekarun yaƙin Habasha akwai wani ɗan gudun hijira mai suna Tesfaye da ya zauna a kusa da Shuwak, yakan kawo wa Baba agogo, har suka saba. Da ya koma gida sai ya samu aikin kula da filin wasan tanis na wani kulob a Gondar. Filin jar ƙasa ce da aka daɓe, in ba a jiƙa ta kullum ba sai ta tsage ta yi ƙura, masu jiƙawa da gwangwani kuma wani wuri su yi taɓo, wani wuri su bari a bushe. Shi ne ya rubuto yana tambaya ko agogo zai iya buɗe famfo. Da wani ne sai ya yi dariya ya ninke takardar. Baba kuwa wata takwas ya yi a kan abin.

Ya samu tsohon agogon bango, irin wanda ake murɗa wa makulli sau ɗaya a mako, ya ɗora masa faifan tagulla a baya mai ƙananan ramuka a gefe, yana zagayawa sau ɗaya a kwana. Ramin da ka sa wa fil, idan lokacinsa ya yi sai fil ɗin ya ture wani ɗan ƙarfe, nauyi ya faɗi ya buɗe famfo, ruwa ya bi bututu ya fita ta kawuna shida masu juyawa. A gefe kuma wani gwangwani na cika da ɗigo, in ya cika ya rinjaya ya rufe famfon. Babu lantarki, babu batir. Na yarda abin ya burge ni. Amma na ce masa a garin da muke sayen ruwan sha a bayan jaki, ban ga yadda mutum zai ɓata wata takwas don a fesa ruwa a kan ƙasar da ba a shuka komai ba. Ya ce ba a tambaye ni ba. Abin da yake so shi ne tirelata ta ɗauki tanki da bututu zuwa Gondar, kwana goma mu je mu dawo. Na lissafa na ga girbi da saura, kuma tirelar da ta je Habasha ta dawo lafiya ba ta bukatar in yi mata talla. Na amsa.

Muka ɗauki wani direba, Attayyib, mai tsohuwar a-kori-kura irin wadda muke kira boksi a nan. Aka yi za a tashi ƙarfe bakwai. Baba ya iso ƙarfe takwas, hankalinsa kwance. Tun da gwamnati ta tura agogon ƙasa gaba da awa guda, wai don mutane su riƙa sammako, Baba bai yarda ba, ya ce rana ba ta samu takardar ba. Na haɗiye wannan. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne akwatin agogon. Na yi masa wuri na musamman a tsakiyar tirela, daidai kan ƙarfen lilon, inda girgiza ba ta kai ba. Baba ya dubi wurin, ya naɗe akwatin da bargon matarsa, ya shiga gaban boksi ya ɗora shi a cinya. Boksin da ita kanta ba ta da yayin kirki.

Daga Gadarif zuwa Doka ba nisa, amma shingayen hanya sun mayar da shi tafiyar wuni. Ganga biyu da igiya, mutum uku a inuwa, kowane shinge da irin takardar da yake nema. Wani ya ce kayan noma ne, ina takardar noma. Na gaba ya ce in na wasa ne, ina ta ofishin matasa. Wani kuma bai damu da kaya ba, takardar bautar ƙasa ta Attayyib yake so, mutumin da furfura ta fara fito masa.

A Doka muka sauka a wata lokanda, wato masaukin matafiya: fili ne da gadajen igiya a jere, cike da 'yan ƙwadago masu jiran yankan riɗi. Muka ci wake da mai da burodi a kwano guda da wani dattijo Bahaushe da ya yi shekara talatin yana bin gonaki. Ya ga tanki da bututu ya tambayi me za a shuka. Na ce ba komai, manya ne za su sa gajeren wando su riƙa buga ƙwallo a kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi mana addu'ar Allah ya ba mu lafiya, irin addu'ar da ake yi wa wanda ake tausayi.

Da safe na sayi ƙwai guda talatin a faranti, na ajiye a wurin da Baba ya ƙi. Hanyar Doka zuwa Gallabat a lokacin ba a gama kwalta ba, rami ne a kan rami. Da muka isa na leƙa, ko ɗaya bai fashe ba. Na tafi neman Baba da ya je alwala don ya gani da idonsa. Kafin in dawo da shi, Attayyib ya miƙa wa mai shayi farantin, ta fasa rabi a kasko. Baba ya ci, ya ce ƙwan Doka ya fi na Gadarif daɗi.

A Gallabat ne aka kusa tsare mu gaba ɗaya. Wani matashin jami'in tsaro mai gyararren gemu ya sa aka kwance bargon. Ya ji ƙas-ƙas na agogo, ya ga wayoyi da guntayen bututu, ya ja da baya taku uku. Ya tambayi Baba mene ne wannan.

Baba ya ce, "Ɗana, kada ka damu. Ba sai an taɓa shi ba. In lokacinsa ya yi, da kansa zai tashi."

Ban taɓa jin amsar da ta fi wannan muni ba. Nan take aka zaunar da mu a ƙarƙashin bishiya da soja a kanmu. Na yi bayani da Larabci, na zana a ƙasa, na rantse. A ƙarshe jami'in ya ce to a haɗa shi can bayan ofis, nesa da mutane, ya gani. Muka sauke bututu cikin rana, muka tsayar da mai jakin ruwa ya zuba a tanki. Fil ɗin yana ramin ƙarfe huɗu, lokacin kuwa ƙarfe ɗaya. Na ce wa Baba ya matsar da shi ramin da ke kusa mu huta. Ya ce a'a. Na ce to ya juya faifan da hannu. Ya ce ba a yi wa agogo dole. Awa uku muka yi a zaune, mu da soja da bindigarsa, muna kallon akwati. Na yi ta zagin Baba a zuci.

Ƙarfe huɗu daidai nauyin ya faɗi da ƙara, sojan ya durƙushe, kawunan shida suka fara juyawa. Ruwa ya tashi ya sauka a kan ƙurar filin, har da tabarmin da aka shimfiɗa don la'asar. Jami'in ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce alhamdu lillahi, mun tsira. Sai ya ce lallai maigidansa ya ga wannan, kuma jibi zai zo daga Doka. Kwana biyu muka yi a wata rumfar kara muna jiƙa musu fili kullum da la'asar, Baba yana zaune a kujera ana kawo masa shayi, 'yan kwastan da 'yan sanda suna zagaye da shi. Mutum ya fi hamsin da ya zo kallo. Ko ɗaya bai sunkuya ya dubi ƙarƙashin tirelar da tankin ke kai ba.

Tsakanin Gallabat da Matamma 'yar gada ce a kan rafi, amma kana tsallakawa ka san ka bar gida. Abin da ake yi wa mutum bulala a kansa a wannan gefen, a can a bakin hanya ake sayar da shi, da kiɗa, mata ba mayafi suna kai wa mutane. Attayyib ya ce zai je ya gaida wani ɗan uwansa. Ya dawo bayan azahar yana waƙa yana son rungumar kowa, daga nan ni na karɓi tuƙi. A ofishinsu kuma aka buga mana hatimi na ga shekarar ta koma baya da bakwai. Na koma na ce an yi kuskure, kada a kama mu a gaba a ce takarda ta mutu. Magatakardan ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda ya firgita, na zaci ya gane kuskurensa, na tsaya ina jira ya gyara. Ashe haka suke cewa i, kuma shekararsu ce haka, ba kuskure.

Daga Matamma hanya ta fara hawa, tsakuwa da kwana a kan kwana. Boksi ta tafasa sau huɗu. Amma tirelata tana biye kamar a kan ruwa, ina ganinta ta madubi, tankin ko motsi ba ya yi. Na ce wa Baba ya waiwaya sau ɗaya kawai. Ya ce wuyansa na ciwo. Sanyi ya kama mu, mu da muka fito da jallabiya shara-shara, sai da muka sayi mayafan auduga irin nasu muka lulluɓa kamar masu jego. A wani gari muka nemi nama aka ce Laraba ce, Kiristocinsu na azumi, ba nama ba madara. Mahaucin Musulmi kuma daban yake da na Kirista, ba mai cin yankan wani, shi kuma namu ya tafi kasuwar ƙauye. Muka ci injera da miyar wake. Injera kamar kisrarmu take, wato siririyar gurasar nan tamu ta dawa, sai dai ta fi kauri da tsami, kuma ita ce faranti ita ce abinci. Ɗanyen naman da kuke ta tambaya, na gani ana ci, ban ci ba.

Tesfaye ya tarbe mu a Gondar da hawaye. Dogon mutum ne siriri, Larabcinsa irin na Shuwak, ya riƙe hannun Baba ya sumbata. A gidansa matarsa ta soya gahawa a gabanmu, aka sha zagaye uku, ba a yarda ka tashi a na biyu ba. Da aka kawo abinci sai na ga ya naɗo loma ya nufo bakina da ita. Na kauce, na zaci wani abu ya gani a gemuna. Ya ce girmamawa ce. Ni da 'ya'yana huɗu, wani magidanci ya ba ni abinci a baki, kuma sai da ya yi sau biyu, wai sau ɗaya ba kyau. Masaukinmu ɗakin ajiyar kulob ne, tsakanin raga da buhunan farar ƙasa, ƙuma kuwa ta yi mana maraba fiye da kowa.

Kulob ɗin ba shi da ruwa mai ƙarfi, famfo kan zo jefi-jefi. Muka ja tirelar kan wani tudu a saman filin don ruwan tanki ya gangaro da nauyinsa. Kwana uku ina haƙa ina binne bututu a gefen fili, Baba na zaune da akwatinsa yana ba da umarni. Tesfaye ya gaya mana ranar Asabar shugabannin kulob da manyan gari za su zo a nuna musu, kuma shi ya matsa aka yarda da abin, in bai yi ba aikinsa ne zai tafi. Baba ya tambaye shi ƙarfe nawa ake son ruwa. Ya ce sha biyu daidai. Baba ya yi gunaguni cewa ba mai hankalin da ke ban ruwa da tsakar rana, amma mai abu ya fi sanin abinsa. Ya kore mu duka daga ɗakin, ya daɗe shi kaɗai kafin ya ce ya sa fil.

Ranar Asabar da safe na ga Tesfaye yana kallonmu wani iri, yana sa mutane su jiƙa filin da gwangwani a gurguje. Aka ja farin layi sabo, aka jera kujeru a cikin filin, aka kawo teburi da farin ƙyalle. Dab da tsakar rana manya suka zo da matansu cikin fararen kaya masu aiki a baki. Shugaban kulob ya miƙe yana jawabi da yarensu. Yana tsakiyar magana na ji nauyin ya faɗi a ɗakin ajiya.

Kawunan shida suka tashi lokaci guda, kuma sun yi aikinsu yadda ya kamata, ba kusurwar da ba su kai ba. Mata suka watse suna tattare riguna, kujeru suka kife, jar ƙasa ta fantsama a kan fararen kaya, farin layin ya narke. Wani mai tumbi ya zame ya zauna daɓas. Na ruga in rufe famfo, na tarar Baba ya tare ƙofa, wai a bari gwangwani ya cika ya rufe da kansa su ga cikar aikin. Na ɗauke shi cak na ajiye gefe, Allah ya yafe mini.

Sai daga baya muka gane. Mutanen Habasha daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Sha biyunsu ita ce shidanmu ta safe. Tesfaye ya faɗa da Larabci amma da lissafin gida, da ya ga ruwa bai zo da asuba ba kuma ya zaci na'urar ta ƙi, kunyar Baba ta hana shi magana. Shugaban ya ba Tesfaye zuwa gobe da safe: in abin bai yi daidai ba, a kwashe shi, shi ma ya bi.

Raina a ɓace na shiga ɗakin bayan la'asar, na ce wa Baba ya matsar da fil ɗin kawai, aikin minti ɗaya ne. Ya sa gilashin ido ɗaya na masu gyaran agogo, ya ɗauki hantsaki, ya sunkuya. Na ga hantsakin yana yawo a kan faifan yana wuce ramin. Ya sake, ya sake wucewa. Fil ɗin ya suɓuce ya faɗi kusa da ƙafarsa, yana ta lalube a wani gefen daban. Ya daɗe a haka, sannan ya cire gilashin.

Ya ce, "Sale, rufe ƙofar." Na rufe. Ya ce, "Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe mini gani. Da yatsa na ƙera wannan, ina ƙirga ramukan da farce. Yau yatsun ma sun ƙi ni. Ko uwar 'ya'yana ba ta sani ba. Zo ka zama idona."

Na tuna awa ukun Gallabat da zagin da na yi ta yi masa a zuci, ashe ba ya son ya yi lalube a gaban soja ne. Na ɗauki fil ɗin, na sa gilashinsa a idona. Ya riƙe wuyan hannuna yana ƙirga mini ramukan da baki daga alamar da ya yi, ni ina kai hantsaki. Yatsun mai walda ba na wannan aikin ba ne, sau uku fil ɗin na faɗuwa, sau uku yana ce mini jaki. A na huɗu ya shiga.

Da muka idar da asuba muka tsaya a bakin filin cikin mayafanmu, mu da Tesfaye da shugaban kulob da ya zo fuska a murtuke. Rana na leƙowa ruwa ya tashi. Ya jiƙa ƙasar bai ɗaya, ba taɓo ba bushewa, gwangwani ya cika, famfo ya rufe da kansa. Shugaban ya taka filin da takalminsa, ya ja numfashin nan nasu, ya miƙa wa Baba hannu. Baba ya ce mini a hankali in gaya masa yadda ruwan yake a ido. Na gaya masa.

Na fara shirin sauke tanki in ɗaura tirelata sai Tesfaye ya tsaya yana murza hannu. Ya ce su a fahimtarsu tankin da ƙafafunsa ne, haka ya gaya wa shugabanni. In aka sauke shi ƙasa ruwan ba zai yi ƙarfin juya kawunan ba, gina masa hasumiya kuma sai kwamiti ya zauna bayan bikinsu, wata biyu ko uku. Na ce to su zauna, ni ina da mai jirana a Gadambaliya. Na dubi Baba ko zai sa baki. Sai ya juya fuskarsa wajen filin da ba ya gani sosai, hannunsa a kan akwatin. Da ya yi mini faɗa ko ya ambaci mahaifina da na samu abin musu. Na zagaya bayan ɗakin na yi ta shure-shuren duwatsu ni kaɗai, sannan na dawo na ce a bar ta.

Suka kira wani tsohon makanike ya ɗora ta a kan duwatsu ya cire tayoyin, wai kada ɓarayi su ja ta. Tirelar da na yi shekara biyu ina ƙerawa don mummunar hanya, ga ta za ta zauna wuri guda kaji na kwana a ƙarƙashinta. Da aka ɗora ta, kafin a cire tayoyin, makaniken ya shiga ƙarƙashi da sifana, sai na ga ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya sa ƙafa ya danna tayar gaba, ya ga ta baya ta ɗaga. Ya sake dannawa. Ya tambayi Tesfaye wa ya yi wannan, aka nuna ni. Ba ya jin Larabci, ba na jin yarensa. Ya goge hannunsa a wando, ya kama nawa da hannu biyu ya riƙe, sannan ya ɗauko guntun kwali da fensir ya koma ƙarƙashi yana zanawa. Na san kwafa yake yi, a gabana, kuma ban hana shi ba. A duk tafiyar shi kaɗai ya duba.

Muka dawo a boksi ba komai a bayanmu, ƙashin bayana ya ji kowane rami daga Gondar har gida. Kwana goman Baba sun zama kusan wata. Mai gonar Gadambaliya ya zo sau biyu bai same ni ba, ya sayo tirelolinsa daga garin Madani. Na fara tara ƙarfen wata, amma a yadda ƙarfe yake yanzu ban sa rana ba.

Likita ya ce za a iya yi wa idon Baba aiki, amma sai yanar ta nuna, nan da wasu watanni. Kafin nan, labarin na'urar ya zaga kasuwa, mutane sun fara fito da tsofaffin agogunan iyayensu suna kawo masa. Don haka kullum da safe ina teburinsa a ƙarƙashin baranda, gilashi a idona, shi yana saurarar agogon a kunne yana gaya mini inda zan taɓa, warshata a rufe har hantsi. Jiya wani ɗan kasuwa ya tsaya ya ga ina fama da wata 'yar ƙusa da ba ta kai ƙwayar gero ba, ya tambayi Baba ko ya ɗauki sabon mai koyo ne.

Baba ya ce, "I, na ɗauka. Hannunsa na da nauyi, kansa kuma ya fi hannun nauyi. Amma ka dawo jibi, zai gama."